Rabin Waƙar Jethro Shekari

Duk wanda ya ce maka ya san Jethro Shekari a Makera ta Kaduna, tambaye shi abin da ya sani. Zai ce ai dogon mutumin nan ne na reluwe, mai guduma, wanda ba ya son surutu. Iyakar saninsa ke nan. Ni da na yi shekara uku ina waƙa da shi, ni ya kamata in ba da labarinsa, ko da yake ba na ce a yarda da ni ɗari bisa ɗari ba, don ni ma da hannuna a cikin labarin. Sunana Tanko mai gyaran keke. A da ana ce mini Tanko mai kukuma, kuma da hannuna na ɓata wannan suna.

Jethro mutumin wani ƙauye ne kusa da Zonkwa. Ya yi aji uku a makarantar mishan, ubansa ya rasu, ya koma gona, gonar ba ta riƙe shi ba. A 1949 ya hau jirgi ya sauka Kaduna da tabarma ɗaya da littafin waƙoƙin coci wanda bangonsa ya yage. Ya fara da lebura a kan layin dogo, yana ɗaukar katako da tsakuwa, har wani babba a tasha ya lura yaron yana da kunne, aka ba shi guduma.

Aikin kuwa shi ne duba ƙafafun tarago. In jirgi ya tsaya a tashar da ke wannan ƙetaren kogin Kaduna, sai ya bi shi daga kai har wutsiya da guduma mai doguwar ƙota, ya ƙwanƙwasa kowace ƙafa sau ɗaya, ya karkata kai ya saurara. Ƙafa mai lafiya da irin amonta, wadda ta tsage da irin nata. Ni dai duk ɗaya nake jin su, ƙarfe ne ya bugi ƙarfe. Shi kuwa in ya ce a cire tarago, cire shi ake yi, ko Bature bai musa masa. Mutum ne da aka ɗauka aiki don ya yi shiru ya saurara, kuma haka ya tafi da halin nan har gida.

Da damina ta 1953 muka haɗu. Ya turo wani tsohon keke rumfata, tayar baya ta sace. Na cire ta ina yi mata faci, ina ɗan rera wata waƙa da na ƙaga, shi kuma ya tsuguna gefe yana jira. Can sai na ji wata murya ta shigo ta ƙarƙashin tawa. Ba amshi ba ne. Amshi ai kowa ya san shi: mawaƙi ya ba da baiti, ya yi shiru, 'yan amshi su karɓa. Wannan kuwa tare da ni yake tafiya, kalma ɗaya muke faɗa, amma shi ta wata hanya can ƙasa, kamar mutum biyu sun ɗauko tulu ɗaya.

Na ajiye tayar na tambaye shi ko ba'a yake yi mini. Ya ji kunya ƙwarai, ya ba ni haƙuri, ya ce bai san ya yi da ƙarfi ba. A cocinsu haka ake yi, in ji shi, ana raba murya, wasu su hau sama wasu su bi ƙasa, shi tun yana yaro a ƙasa aka ajiye shi. Na ce to nan ba coci ba ne, nan in mai waƙa yana waƙa jira ake yi. Ya ce to. Na koma kan facina, amma waƙar ta ƙi yi mini daɗi ni kaɗai. Ban kai ƙarshen baiti ba na ce masa, ba tare da na dube shi ba, ya sake yin abin nan mu ji. Ya sake. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi.

Daga nan kowace Asabar bayan la'asar, in ya tashi aiki, sai ya zo mu zauna gindin mangwaron da ke bayan rumfata, ni da kukuma shi da hannu biyu a kan gwiwa. A nan aka haifi waƙar da ta ɗaga mu, kuma ta kayar da ni. Wata rana na ja izga na ce, "Jirgin la'asar ya iso," sai na tsaya ina laluben abin da zan ɗora. Kafin in samu, Jethro ya ajiye nasa a hankali: "bai kawo ta ba." Na ce, "Na duba tarago na fari," ya ce, "ba ta ciki." Na ce, "Na tambayi mai tuta," ya ce, "ya kau da kai." Haka muka yi ta yi, ni in buɗe shi ya rufe, in mun zo amshi kuma mu haɗe, ni sama shi ƙasa. Kafin magariba mutum ya fi talatin a tsaye a kanmu, har da wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa tana share hawaye da bakin zane.

Ba a jima ba aka fara kiranmu wuraren suna da biki, Makera, Kakuri, har Tudun Wada muka ƙetara. Ni na kaɗa kukuma a bikin Kirista, shi ya zauna a zauren Alhazai ranar suna, ba wanda ya ce uffan. Na yi na yi ya ɗinka babbar riga ya ƙi, kullum kakinsa na aiki ne, wankakke, an goge shi har yana ƙyalli. A 1954 ya je gida ya auro Rhoda, mace mai fara'a da kaifin baki, wadda takan aiko mini da faten acca in an yi sanyi. Lokacin ba ya ce mini Malam. Tanko kawai yake cewa, ni ma na fi son haka.

To, ga inda Shaiɗan ya shigo. Na fara lura da abin da mutane ke ɗauka su tafi da shi gida. Ba wanda na taɓa ji yana tafe yana cewa jirgin la'asar ya iso. Kowa "bai kawo ta ba" yake yi. Masu ɗinki, masu tura amalanke, matan da ke wanki a bakin kogi, duk rabin Jethro ne a bakinsu. Ni ne mai kukuma, ni na ƙagi karin, ni nake buɗe kowane baiti, ni nake zufa, amma abin da ya zauna a kunnen jama'a na wancan ne da bai ko ɗaga murya.

Wanda ya fi ci mini rai a gidana ya faru. Na dawo da azahar na tarar da matata Dije tana daka, tana rerawa daidai da faɗuwar taɓarya: ba ta ciki, ya kau da kai, bai kawo ta ba. Na tsaya a bakin ƙofa na tambaye ta ko waƙar ba ta da farko ne. Ta yi dariya ta ce ai farkon nawa ne, ta bar mini abina, ita na ƙarshen ne ke taɓa mata zuciya. Ranar ban ci tuwon ba. Na ce cikina ne.

Sannan a wani suna a Kakuri, sanƙira ya miƙe zai gabatar da mu ya ce ga Jethro da Tanko. Jethro da Tanko! Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na dubi Jethro in ga ko zai yi murmushi, in samu abin riƙewa, sai na ga ko ji bai yi ba, ya karkata kai yana sauraren kukumata. Da muka tashi ya ce mini fatar ta sha danshi, in ɗan gasa ta a rana. Na duba, gaskiyarsa ne. Abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan. Da mai girman kai ne, da na samu dalili. Mutumin bai taɓa neman ya wuce ni ba, wuce ni kawai yake yi.

A shekarar da aka fara ginin masaƙa a Kakuri, 1956, wasu mutane suka zo daga Ikko da na'urar ɗaukar faifan garmaho, Bature ɗaya da wani Bayarabe mai kula da na'ura, da tafinta. Suka kama wani ɗakin ajiya kusa da tasha, suka rataya barguna a bango. Aka aiko a kira masu waƙar jirgin la'asar. Jethro ya nemi izinin rabin yini a wurin aiki, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka haifa masa ɗa. Ya zo da kakinsa da sabon aski. Ni na sa babbar riga mai aska biyu da na aro.

Mawaƙa sun yi layi a waje, kowa da jama'arsa. Da aka shigar da mu na ga yadda suka tsara ɗakin. Makirfo ɗaya ne tak, a kan sanda. An ja layi biyu da alli a ƙasa, ɗaya dab da makirfo, ɗaya can baya, taku huɗu. Tafinta ya bayyana mana cewa sun riga sun gane yadda mawaƙan Hausa suke: mawaƙi a layin gaba, 'yan amshi a layin baya, don su suna da yawa, mutum biyar ko shida, in sun matso sai su danne shi. Wanda ya tsaya a gaba kuma sunansa ake bugawa a jikin faifai. Sai ya nuna Jethro da alƙalami ya tambaye ni, wannan mawaƙi ne ko ɗan amshi.

Ni aka tambaya, don ni ke da babbar riga da kukuma. Da na ce mu biyu ne, da an tsayar da mu kai da kai a bakin makirfo, an rubuta suna biyu. Na san haka sarai. Amma a daidai lokacin taɓaryar Dije ce ke faɗuwa a kunnena, da muryar sanƙiran Kakuri.

"Ɗan amshi ne," na ce.

Jethro ya dube ni. Ya sunkuya ya dubi allin, ya ja da baya, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya daidaita yatsun ƙafarsa a kan layi kamar yadda ake koya musu a reluwe.

Aka kunna jar fitila, na fara. Ban taɓa waƙa da ƙarfi irin na ranar ba. Layin baya an yi shi ne don ƙarti shida masu buɗe maƙogwaro, ba don mutum ɗaya mai murya kamar ana zuba mai ba. Muna tsakiyar baiti na biyu na ga Bayaraben ya ɗago kai daga na'urarsa, ya yamutsa fuska, yana yafuto Jethro da hannu ya matso. Jethro ba shi yake kallo ba, ƙeyata yake kallo, yana jira in ba shi alama. Na ga hannun mutumin da idona. Da na ɗan gyaɗa kai, da shi ke nan. Sai na buɗa hannun riga na ƙara jan izga, na yi kamar waƙa ta ɗauke ni. Minti uku aka ba mu, suka ƙare, fitila ta mutu. Su ba Hausa suke ji ba, ga layi a waje, aka ce na gaba ya shigo.

A hanya ban bar shi ya yi magana ba, ni na yi ta zuba, ina cewa ai tsarinsu ne, ba yadda za mu yi da Turawa. Ya ce haka ne. Da muka zo mararraba ya ce zai koma aiki, jirgin la'asar ya kusa.

Bayan wata huɗu faifai ya iso. Ga sunana a tsakiya, Tanko Mai Kukuma, Kaduna, da jan rubutu. Na kai shi shagon wani mai garmaho a bakin kasuwa, jama'a suka taru, aka ɗora allura. Sai ga muryata garau: jirgin la'asar ya iso. Daga nan sai kukan kukuma, da wani ɗan gunaguni can nesa kamar ana magana a maƙwabta. Na duba tarago na fari. Shiru. Na tambayi mai tuta. Shiru. Minti uku cur ina buɗe magana ba mai rufewa. Wani dattijo ya ce a sake sawa, wataƙila allurar ce. Aka canja allura, aka sake, duk ɗaya.

Abin da Makera ta yi da ni ba sai na faɗa duka ba. Aka ce Tanko ya samu aiki a tasha, shi ke sanar da isowar jirgi. In na wuce a kan keke sai wani ya ɗaga murya daga cikin shago ya ce, "Malam Tanko, ka tambayi mai tuta, sai ya ce me?" Dije ba ta yi mini dariya ba, ta dai daina waƙar gaba ɗaya, ko a bakin turmi, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Jethro bai yi faɗa da ni ba. Na so ya yi, na shirya amsoshi har kala uku. Asabar ta zo bai zo ba, ta biyu ma haka. In mun haɗu a hanya yakan sauka daga keke ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, amma na koma Malam Tanko. Faten acca ya daina zuwa. Na ɗauki 'yan amshi uku na koya musu rabinsa, suka riƙa rafka shi da ƙarfi kamar masu kiran kasuwa, ba wanda ya share hawaye. Wajen haɗa murya kuwa na rasa yadda zan koya musu, don sai a lokacin na gane shekara uku ina jin daɗin abin da yake yi a ƙarƙashina, ban taɓa tsayawa na saurari ta inda yake bi ba. Gayyata ta ragu, ta ƙare. Na rataye kukuma a ƙusa.

Shi kuwa ya ci gaba da rayuwarsa, abin da ya ƙara ƙona ni. Yana bin jirage da gudumarsa, yana waƙa a cocinsu ranar Lahadi, a layin baya, aka ce mini, inda masu muryar ƙasa ke tsayawa. Suka ƙara haihuwa biyu. Ya dasa gwanda a bayan ɗakinsa. Ban taɓa jin ya ambaci sunana da mugun abu ba, kuma na bincika.

A 1959 na ji an yi masa canjin aiki zuwa Kafanchan. A can ya ƙare aikinsa, a can kuma aka binne shi bayan shekaru, ban je ba. Amma kafin su tashi, ranar wata Lahadi da yamma, na sauko da kukuma na gasa fatar a rana, na sa sabuwar izga, na nufi gidajen reluwe. Na ce ko ba komai mu yi ta sau ɗaya yadda take, in ya so ya tafi.

Tun daga bakin layinsu na jiyo muryata. Na tsaya cak. Jirgin la'asar ya iso, in ji ni daga cikin wani ɗaki. Sai muryar Jethro, cikakkiya, kusa, ta ajiye: bai kawo ta ba. Rhoda tana waje tana ɗaure tukwane cikin buhu. Ta gan ni, ta ga kukumar, ba ta yi murmushi ba, ta dai ɗora yatsa a baki. Muka tsaya har aka zo amshi, muryar faifai a sama, tasa a ƙasa. Ban taɓa jin waƙar ta yi kyau haka ba, ko a gindin mangwaro.

Rhoda ta gaya mini a hankali cewa saboda faifan nan ya sayi garmaho na hannu. Kowace Lahadi in sun dawo daga coci sai ya sa shi. Wannan faifai na uku ke nan da ya saya, allura ta cinye biyu.

Na yi sallama na shiga. Yana zaune a kan akwati, gwiwarsa na taɓa teburin garmaho, kansa a karkace. Ya ɗaga allura, ya miƙe ya ba ni hannu biyu, ya tambayi Dije da yara. Na rasa ta inda zan fara, sai na ɗaga kukumar na ce na zo ne mu yi ta, ni da shi, ba da wannan garmaho ba.

Ya dubi kukumar ya daɗe. Ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa fatar sau ɗaya, ya saurara, ya ce ta gasu daidai.

"Amma a bar ta, Malam Tanko," ya ce. "Na saba da wannan. Shi duk inda na zauna, ba ya cewa in ja da baya."

Ba da fushi ya faɗa ba. Ya nuna mini kujera, na ce a'a, sauri nake yi. Ya koma kan akwatinsa ya kama hannun garmaho yana waina shi. Na yi kishin mutane a rayuwata, na yi kishin Jethro shekara shida, amma ban taɓa kishin wani abu kamar yadda na yi kishin baƙin faifan nan ba, alhali muryata ce a ciki.

Allura ta sauka, Tanko na faifai ya buɗe baiti, Jethro ya matsa kusa da shi ya rufe. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da kukuma a hammata, ba wanda ya ce in tsaya a nan. Na dubi ƙasa na auna tsakanina da su, taku huɗu ne.